Tayin Gobe

Shekara talatin da ɗaya ina Tudun Hatsi,
tsinken buhu ne alƙalamina.
In na soka, wake ya zubo a tafina,
na san na Dukku, na san na Bajoga,
na san wanda ƙwaro ya kwana a cikinsa.
Ban taɓa yi wa kaya kuɗi ba
sai haƙorina ya ba da shaida.

Sai ga Dijatu, autata,
ita da Lamela, yaron Kaltungo da suka yi karatu tare,
sun kama ɗaki a Jekadafari,
saman shagon mai gyaran fanka.
Tebur biyu, kwamfuta huɗu, janareta mai tari.
Wai manhaja suka gina:
manomi a Nafada ya latsa waya,
mai mota ya ji, mai saye a Aba ya gani.

Bara manoma ɗari bakwai,
bana dubu goma sha tara.
Na ce, riba fa?
Ta ce, Baffa, tukuna.

Ran Laraba baƙi suka sauka daga Legas,
maza biyu da wata mace mai tabarau.
Ba su ƙwanƙwasa tebur ba, ba su duba janareta ba.
Wani layi suka zuba wa ido a bango,
yana hawa kamar yaɗon kabewa ya samu danga.
Suka taya: naira biliyan uku kuɗin kamfanin,
za su ɗauki kashi ɗaya cikin biyar.

Daren nan ban runtsa ba.
Na juya kuɗin zuwa wake:
tirela hamsin, kowace ta sha kaya har wuya,
a kan ɗakin da haya ake biya.

Da asuba na ce, 'yar nan, me suke saye?
Ta ce, gobe.
Na ce, gobe ba ta hawa sikeli.
Ta miƙo mini shayi:
Maraƙin da ka sayo a Kumo,
nama ka biya, ko bijimin da zai zama?
Na yi shiru. Maraƙin bai ga kaka ba.
Ita ma ta tuna, ta sunkuyar da kai.

Na ce, kawo buhun naki in soka.
Cikin dubu goma sha taran nan,
nawa suka dawo karo na biyu?
Ran da kuka daina biya musu rabin kuɗin mota,
nawa za su tsaya?
Ta daɗe tana latse-latse.
Ta ce, dubu shida, ƙila da ɗari uku.
Na ce, wannan ne waken. Sauran kowa ce,
iska ɗaya ta ishe ta.

Washegari, kafin mai tabarau ta tambaya,
Dijatu ta ajiye mata dubu shidan a gabanta.
Lamela ya kalli silin.
Baƙi suka yi ƙus-ƙus, suka sauko biliyan biyu.
'Yata ta gyara mayafi, ta ce, albarka.
Da muryata ta faɗa,
har da ɗan jan da nake yi a ƙarshe.

Sun kama hanyar Lawanti, jirgi ya ɗaga.
Yau kwana tara, waya ba ta yi ƙara ba.
Albashin mutum bakwai na jiran ƙarshen wata.

Akwai abin da ban gaya mata ba.
Na san abincin layin nan mai hawa bango:
la'adata yake ci.
Jiya wani yaro daga Kwami ya sauke buhu takwas,
na soka, na ciza, na buɗe baki zan taya,
ya juyo mini fuskar wayarsa.
Kuɗin da ke jiki ya ɗara nawa da dubu biyu.
A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
sunan da ta raɗa wa kamfanin: Tsinke.

Na sallame shi. Na goge nawa da bakin riga,
na mayar da shi aljihu.